Lissafin Kayan Jirgin Ƙasa, da Dalilin da Gwamnati ta ke Nemansa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tasha ya ga jirgin kaya yana wucewa, ba abin da ya kan ɗauke masa hankali sai kan jirgi, da ƙugin ƙafafu, da yawan taragai. Da wuya ya tuna cewa ko wane tarago daga cikinsu yana tafe da takarda. Takardar nan kuwa wani akawu ne ya rubuta ta a tashar da aka yi lodi, abin da ya rubuta kuma ya kan bi hannu-hannu har ya kai gaban Gwamnati. Wannan takarda, da lissafin da a kan tattara daga gare ta, su ne mu ke so mu yi magana a kansu. Da yawa daga cikinmu, in Allah ya kai mu ga fita daga nan, alƙalami ne zai zama kayan aikinmu. Waɗansu za su koya wa yara lissafi, waɗansu za su zauna a ofis su riƙa cika takardu. Saboda haka ya kamata mu san inda lambobin da a ke rubutawa su kan tafi, da irin abin da su kan gyara ko su ɓata. Za mu ɗauki reluwen Nijeriya na zamanin Turawa ya zama misalinmu, sa'an nan mu leƙa wata ƙasa, mu komo ga halin da a ke ciki yau.

Yadda dogo ya shigo

An fara shimfiɗa dogo daga Ikko a 1896, ya kai Badun a 1901, ya kai Jabba a 1909. A Arewa kuwa, zamanin Gwamna Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, aka tashi wani layi daga Baro a bakin Kwara a 1907, ya iso Kano a 1911. Layin Ikko ya zo ya haɗu da shi a Minna, a 1912 kuma aka gama su biyu suka zama reluwe guda. Daga Zariya aka ja wani ɗan siririn layi zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, aka gama shi a 1914. Da aka sami kwal a Udi a 1909, sai aka ja layi daga Fatakwal zuwa Inugu, aka gama a 1916, daga baya aka miƙa shi har ya sadu da layin yamma a Kaduna a 1927. Reshen Zariya zuwa Gusau da Ƙauran Namoda ya buɗe a 1929, na Kano zuwa Nguru a 1930, gadar Makurɗi kuma a 1932.

Abin lura a nan shi ne, duk wannan aiki na Gwamnati ne, ba na wani kamfani ba, kuma da kuɗin rance aka yi mafi yawansa. Rancen nan a Landan aka karɓo shi, ko wace shekara kuwa sai an biya ruwansa daga baitulmalin ƙasa, ko reluwe ta ci riba ko ta fāɗi. Wanda bashi ke kansa ba ya barci da ido biyu rufe. Dalili ke nan da ya sa tun daga farko Gwamnati ta matsa a riƙa gaya mata abin da jirgi ya ɗauka, da inda ya kai shi, da abin da ya samu.

Asalin dokar

Wannan al'ada ba a Nijeriya aka fara ta ba. A Ingila, inda kamfanoni ne suka mallaki reluwe a lokacin, Majalisa ta yi doka a 1840 wadda ta ba Hukumar Ciniki ikon ta nemi kamfanonin su kawo mata lissafin fasinja da kaya da kuɗin da su ke karɓa. A 1921 aka yi wata babbar doka wadda ta gama kamfanonin suka koma huɗu, ta kuma ɗora musu kai wa Ministan Sufuri ƙididdiga filla-filla. A ƙasashen da Ingila ta ke mulka kuma, tun wajen 1822 aka umurci ko wane Gwamna ya riƙa aika wa Ofishin Mulkin Mallaka a Landan wani littafi ko wace shekara, wanda a ke kira Shuɗin Littafi saboda launin bangonsa. A cikinsa a kan rubuta kuɗin shiga da na fita, da yawan jama'a, da kayan da aka shigo da su da waɗanda aka fitar, da ayyukan Gwamnati. Da reluwe ta zo, sai ita ma ta sami gurbinta a ciki.

Ban da wannan, reluwe tana da rahotonta na kanta. Babban Manaja, wanda ofishinsa ke Ebute Meta a Ikko, shi ke sa hannu a kansa bayan shekarar kuɗi ta ƙare ran 31 ga Maris. Shekaru da dama ma'adinin kwal na Udi yana ƙarƙashin reluwe, har rahotonsu ma a haɗe ya ke fita. Daga hannun Babban Manaja rahoto ya kan tafi ga Gwamna, a ajiye shi gaban Majalisar Dokoki, a kuma aika da shi Landan.

Yadda a kan tattara lissafin

Tushen abin duka shi ne takardar kaya. Mai kaya ya kan kawo kayansa tasha, ya faɗi ko mene ne, da wanda za a kai wa, da tashar da za a sauke. Sai a ɗora a sikeli a auna, akawu ya rubuta irin kayan, da yawan buhuna ko ƙunshi, da nauyi, da lambar tarago, da kuɗin da aka biya ko za a biya in kaya sun isa. Kofe ɗaya ya kan bi jirgi, ɗaya ya zauna a tashar da aka yi lodi. In kaya sun isa, akawun can ya gwada abin da ya sauka da abin da ke rubuce. In wata ya ƙare, ko wace tasha ta tattara jimlar abin da ta aika da abin da ta karɓa, ta aika wa ofishin babban akanta. A can ne a kan gwada lissafin tashar da ta aika da na tashar da ta karɓa. In Gusau ta ce ta aika wa Apapa tan kaza na gyaɗa, Apapa kuwa ta ce abin da ta karɓa bai kai haka ba, to, sai an bi sawu an gano inda kuskure ya ke. Bayan an daidaita, sai a raba kayan iri-iri, a jera su cikin jadawali, gyaɗa a layinta, auduga a nata, haka kuza, da kwal, da ƙiraga da fatu, da dabbobi, da goro, da gishiri, da kananzir, da siminti, da koko, da manja, da ƙwarar manja, da sauransu.

Abubuwa huɗu ne a ke nema ga ko wane irin kaya: sunansa, da nauyinsa, da nisan da ya yi, da kuɗin da ya kawo. Sunan kaya da kuɗi ba su da wuyar ganewa. Nauyi da nisa su ne ke bukatar ɗan bayani.

Nauyi da tan a ke auna shi, amma tan ba iri ɗaya ba ne a duniya. Tan na Ingilishi, wanda aka yi aiki da shi a nan zamanin Turawa, laba 2,240 ne, watau kilo 1,016. Na Amurka laba 2,000 ne, watau kilo 907. Wanda a ke aiki da shi yanzu kuwa kilo 1,000 ne daidai. Duk mai gwada lissafin wata shekara da na wata, ko na wata ƙasa da na wata, sai ya fara tambaya da wane tan aka auna, in ba haka ba zai ga ƙari ko ragi inda babu su.

Nisa kuwa ga yadda a ke shigar da shi. Mu ce, don misali, an ɗauki tan 10 na koko daga Badun zuwa Ikko, tafiyar kamar mil 120. An kuma ɗauki tan 10 na gyaɗa daga Kano zuwa Ikko, tafiyar kamar mil 700. In nauyi kaɗai aka duba, sai a ce aikin ɗaya ne, tan 10 nan, tan 10 can. Amma wanda ya san kwal da ruwan da kan jirgi ya ci, da kwanakin da tarago ya yi a hanya, ya san ba ɗaya ba ne. Saboda haka a kan ninka nauyi da nisa, abin da ya fito a kira shi tan-mil. Na koko ya zama 1,200, na gyaɗa ya zama 7,000, kusan ninki shida ke nan. In aka raba kuɗin da kaya suka kawo da tan-mil ɗinsu, sai a ga abin da reluwe ta ke samu a kan ɗaukar tan ɗaya tafiyar mil ɗaya. Wannan ɗan adadi shi ne ma'aunin da a ke gwada kaya da kaya, da shekara da shekara. Masu koyar da lissafi daga cikinmu za su ga cewa ninkawa da rabawa ne kawai, irin wanda yaron aji huɗu zai iya, amma a kansa a ke yanke shawarar dubban fam.

Akwai kuma wani rabo da ba a sakaci da shi. Kayan jama'a da a ke biyan kuɗinsu daban a ke rubuta su, kayan da reluwe ta ɗauka don amfanin kanta kuma daban. Kwal ɗin da a ke kwasowa daga Inugu don ƙonawa a cikin kawunan jirgi yana cika taragai, yana cin hanya, amma ba ya kawo kwabo. In aka cuɗe shi da kayan biya, sai reluwe ta yi kamar ta fi yadda ta ke samu.

Me ya sa sai an raba iri-iri?

Wani zai ce, tun da an san jimlar nauyi da jimlar kuɗi, ina amfanin wahalar rabawa? Amsar tana da rassa.

Na farko, kuɗin ɗauka ba ɗaya ba ne ga dukan kaya. Reluwe ta kan kasa kaya aji-aji. Abu mai tsada kamar kuza ko yadi ya kan iya ɗaukar kuɗi mai yawa ba tare da cinikinsa ya mutu ba. Abu mai nauyi mai araha kuwa, in aka tsawwala masa, ba wanda zai kawo shi tasha. Gyaɗar Kano tana tafiyar mil 700 kafin ta ga teku, kuma ko wane sule da aka ƙara a kan tan daga aljihun manomi ya ke fita, domin mai saye a Turai ba zai ƙara kuɗi don Kano tana da nisa ba. Ba yadda za a yi a san ko kuɗin da aka sa ya yi daidai sai an ga yadda nauyin wannan kaya ya hau ko ya sauka bayan an sa shi.

Na biyu, ko wane kaya da irin taragonsa. Shanu sai mai iska da wurin ba su ruwa a hanya, gishiri da siminti sai rufaffe don kada ruwan sama ya taɓa su, kwal sai buɗaɗɗe, kananzir da fetur sai tanki. Tarago kuwa da kan jirgi daga Ingila a ke yin odarsu, ba kuwa yau a yi oda gobe su iso ba. Manajan da bai san abin da ya ɗauka bara iri-iri ba, bai san abin da zai saya don baɗi ba.

Na uku, kaya suna da lokacinsu da kuma inda su ke fuskanta. Gyaɗa da auduga da kaka su ke fitowa, su taru cikin 'yan watanni, duk kuwa kudu su ka nufa. Abin da ke hawowa Arewa, kamar goro da gishiri da yadi da kwanon rufi, bai kai nauyin abin da ke gangarawa ba. Saboda haka taragai da yawa wofi su kan komo, jan tarago wofi kuwa hasara ce. Jadawalin da ya raba kayan hawa da na gangara shi ke nuna girman wannan hasara, shi ke kuma sa a rage kuɗin waɗansu kayan hawa don a sami abin da za a zuba.

Na huɗu, shi ne ke nuna inda ya kamata a ja sabon layi. Rassan Nguru da Ƙauran Namoda duk don a kusanci gonakin gyaɗa da auduga aka yi su, bayan an ga yawan abin da jakuna da raƙuma ke kawowa Kano da Zariya daga waɗannan sassa.

Na biyar, lissafin reluwe madubi ne na cinikin ƙasa. Da kasuwar duniya ta fāɗi a 1929, aka kuma yi yarjejeniyar rage haƙar kuza a 1931 tsakanin Nijeriya da Malaya da Bolibiya da tsibiran Holan na Gabas, a jadawalin reluwe aka ga kuzan Jos ya ragu. Haka kuma da motocin lori suka fara ƙwace wa jirgi kaya a shekarun 1930, musamman a gajerun hanyoyin Kudu, layin ko wane kaya ne ya nuna inda ɓarakar ta ke.

Auduga aka nema, gyaɗa ta zo

Babu labarin da ya fi nuna amfanin wannan lissafi kamar na shekarun farko na isowar jirgi Kano. Masu masaƙun Lankasha a Ingila sun daɗe suna neman inda za su sami auduga ban da Amurka. A 1902 suka kafa Ƙungiyar Noman Auduga ta Birtaniya, wadda mutanenmu su ke kira Bisije, suka kuma goyi bayan a kawo dogo Arewa, suna zaton ƙasar Kano da Zariya za ta cika musu masaƙunsu. Har injin gurzar auduga suka kafa a Zariya.

Amma manomin Kano ya yi nasa lissafin. Audugar da ya ke nomawa masaƙan gida suna sayenta da kuɗin da ya fi na Bature. Gyaɗa kuwa ba ta cin ƙasa kamar auduga, ana shuka ta tare da hatsi, in shekara ta yi tsanani kuma ana iya cinta. Fataken Kano, waɗanda suka goge a cinikin goro har Gwanja, suka ga kamfanonin Turawa suna neman gyaɗa don yin mai, sai suka bazu ƙauyuka suna saye. A 1911 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 2,000 ba. A 1913 ta wuce tan 19,000. Buhuna suka cika tashar Kano har reluwe ta rasa taragan kwashe su. Abin da manya suka tsara a Landan daban, abin da takardun akawu suka nuna daban, a ƙarshe kuwa takardun aka bi. Gani ya kori ji. Da a ce jimlar nauyi kaɗai a ke rubutawa, da an ga kaya sun ƙaru, a yi ta murna ana zaton auduga ce.

Dalar gyaɗa

Labari na biyu ya nuna cewa sanin adadi ba ya wadatarwa in ba a yi aiki da shi a kan kari ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, an matsa wa reluwe ƙwarai. Ingila tana bukatar gyaɗa don mai, bayan Japan ta kama Malaya a 1942 kuma ta koma ga kuzan Jos, ga sojoji da kayansu. Sababbin kawunan jirgi da kayan gyara kuwa ba su zuwa. A 1945 ma'aikata suka yi yajin aiki na kwana 44, 'yan reluwe na gaba-gaba. Da aka gama yaƙi sai noma ya ƙaru, jirgi kuwa ya gaji. Gyaɗar bana ta riƙa tarar da ta bara ba a kwashe ba.

Tsibin buhunan nan da a kan jera kamar dutse a Kano, wanda a ke kira dala, wanda kuma sunan Alhaji Alhassan Ɗantata ya shahara da shi, mutane da yawa suna tuna shi don alamar arziki. Gaskiya ne alamar arziki ne. Amma ga mai duba lissafi, ko wace dala da ta shekara a tsaye bambanci ce tsakanin abin da aka saya da abin da jirgi ya iya ɗauka. Gyaɗar da ta daɗe a ƙarƙashin tamfol kuwa ƙwari su kan shige ta, nauyinta ya ragu, darajarta ta fāɗi. Lambobi biyu ne kawai, na saye da na kwasa, in aka jera su kusa da juna ko wane wata, su kan nuna ciwon tun bai yi nisa ba. Ba a sami sauƙin abin ba sai da aka kawo sababbin kawuna da taragai.

Abin da lissafin ba ya nunawa

Kada kuma mu ɗauki jadawalin reluwe tamkar shi ne dukan cinikin ƙasa. Abin da ya hau jirgi kaɗai ya sani. Hatsin da jakuna ke kaiwa kasuwannin ƙauye, da kanwa da gishirin da raƙuma ke kawowa daga Hamada, da shanun da a ke korawa a ƙasa har Kudu, duk ba ya ganinsu. Ba ya kuma sanin gonar da kaya suka fito, tashar lodi kaɗai ya sani. Gyaɗa mai yawa da aka rubuta ta Kano ce, ko ta Nguru, ko ta Ƙauran Namoda, a ƙasar Maraɗi da Damagaram aka noma ta, ta ƙetaro iyaka domin nan ne dogo ya fi kusa. Wannan ya dami Faransawa, har a shekarun 1950 suka shirya a riƙa bi da gyaɗar Nijar ta Dahomi, a mota zuwa Faraku, daga nan a jirgi zuwa Kwatano.

Akwai kuma ɓarna ta hannun mutum. Tun da kuɗin ɗauka ya bambanta, mai kaya ya kan so a rubuta masa kaya masu tsada da sunan masu araha, ko a rage masa awo. Akawun da ya yarda ya yi haka ya ci amana sau biyu: ya rage wa baitulmali kuɗi, ya kuma sa ƙarya a cikin littafin da za a dogara da shi a yi wa jama'a shiri. Malalacin akawu kuma, wanda duk abin da bai gane ba sai ya jefa shi cikin layin "sauran kaya", ɓarnarsa ba ta gaza ta wancan ba, domin in wannan layi ya kumbura, jadawali ya tashi daga aiki.

Yadda a ke yi a Amurka

A Amurka kamfanoni ne ke da reluwen kaya, saboda haka doka ce ta ke tilasta musu kawo lissafi. A 1887 aka kafa Hukumar Ciniki Tsakanin Jihohi, bayan manoma sun daɗe suna kukan cewa kamfanoni suna tsawwala musu, suna kuwa rage wa manyan attajirai a ɓoye. An rushe wannan hukuma a ƙarshen 1995, a 1996 Hukumar Sufurin Ƙasa ta gaje ta. Manyan kamfanoni, waɗanda suka koma shida a 2023, su kan kawo lissafin kaya iri-iri ko wane wata uku: yawan taragai, da nauyi, da kuɗin da aka samu. Ko wane irin kaya yana da lambarsa, don kada wani ya kira abu da suna kaza wani ya kira shi da wani.

Akwai wata dabara a tsarinsu da ta cancanci mu lura da ita. Tun da tarago ɗaya ya kan bi layin kamfani biyu ko uku kafin ya isa, in kowa ya ƙidaya shi, sai tan ɗaya ya zama uku. Saboda haka ko wane kamfani ya kan raba kayansa kashi huɗu: wanda ya yi lodi ya kuma sauke da kansa, wanda ya yi lodi ya miƙa wa wani, wanda ya karɓa daga wani ya sauke, da wanda ya karɓa ya kuma miƙa gaba. In ana son jimlar ƙasa, sai a tara kashi biyun farko kaɗai. Ban da wannan, kamfanin da ke sauke tarago 4,500 ko fiye a shekara sai ya ba hukuma samfurin takardun kayansa, da su a ke duba ko kuɗin da ya ke karɓa ya wuce kima in mai kaya ya kawo ƙara.

Inda mu ke yau

A 1955 reluwe ta tashi daga zama sashen Gwamnati, ta zama Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya. Layin Barno ya isa Maiduguri a 1964, a shekarar nan kuwa jirgi ya ɗauki kaya kusan tan miliyan 3 da fasinja fiye da miliyan 11. Daga nan abin ya yi ta ja da baya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya lalata layin gabas, fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 suka kashe babban kayan Arewa, tituna suka yawaita, manyan motoci suka kwashe abin da ya saura. Daga baya an shimfiɗa sababbin layuka masu faɗi: Abuja zuwa Kaduna a 2016, Itakpe zuwa Warri a 2020, Ikko zuwa Badun a 2021. A 2021 kuma aka ƙaddamar da aikin layin Kano zuwa Maraɗi. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta kan buga yawan fasinja, da nauyin kaya, da kuɗin da aka samu, ko wane wata uku.

Waɗannan layuka ma mafi yawansu da rance aka yi su, kamar na farko. Tambayar da aka yi a zamanin Girouard ita ce har yau: me jirgi zai ɗauka da zai biya bashinsa? Jimlar nauyi ba ta amsa wannan tambaya, sai an san nawa ne siminti, nawa ne hatsi, nawa ne taki, nawa ne kwantena, daga ina zuwa ina. A 2023 kuma an gyara tsarin mulki, an ba jihohi ikon yin nasu reluwe. In masu jirgi suka yawaita, matsalar nan ta ƙidaya tan ɗaya sau biyu, wadda ba mu san ta ba sa'ad da reluwe guda ce, za ta zo mana. In layin Maraɗi ya fara aiki kuma, sai akawun Kano da na Maraɗi sun kira kaya da suna ɗaya, sun auna da ma'auni ɗaya.

To, 'yan'uwa, mun ga yadda lambar da akawu ya rubuta a wata 'yar tasha ta kan tafi har ta taɓa kuɗin da manomi zai karɓa, da garin da za a kai wa dogo, da bashin da 'ya'yanmu za su biya. Wanda aka ba sikeli da alƙalami an ba shi amana, ko da ba mai ganinsa. Malamin makaranta kuwa da ya koya wa yaro ya jera lambobinsa daidai, ya sake duba jimla kafin ya miƙa allo, kada ya raina aikinsa, domin yaron nan ne zai zauna a tashar gobe. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin. Haza wasalam.